Kafin ku kafa allo a gidan da aka haifi Malam

Ɗana, tambayarka ta iso. Ka ce ku tsofaffin ɗaliban wata makaranta a unguwar Zongo kun tara kuɗi kuna son kafa alluna biyu, ɗaya a gidan da aka haifi marigayi malamin da ya buɗe makarantar, can cikin Birni, tsohuwar unguwar garinmu Damagaram, ɗaya kuma a wurin da aka soma karatun. Kana son sanin ta inda za ku fara, abin da ake rubutawa, da ƙarfe za a yi ko da dutse, da kuma ko addini bai hana ba, tunda wasu cikinku sun nuna tsoro. Allah ya saka muku da alheri. Na koyar da tarihi a lise, wato makarantar sakandare, na kuma yi aiki tare da magina a kan tsofaffin gidajen ƙasa na garin nan, don haka abin da na gani a aikace zan faɗa maka.

Ku ajiye kuɗin tukuna, kada kowa ya je wurin mai walda ko mai sassaƙa. Allon tarihi tamkar mai ba da shaida ne a gaban alƙali, sai dai shi ba a iya yi masa tambaya. Yaron da zai karanta shi nan da shekara 50 ba zai yi kokwanto ba. Zai kwafa a littafinsa, ɗan jarida ya kwafa daga gare shi, ɗalibin jami'a ya saka a kundinsa. In kuka kuskure gida ko shekara, kuskuren zai fi ku daɗewa a duniya, kuma ku ne kuka sa masa hatimi. Mafi yawan aikin nan bincike ne, kuma a zaure ake yin sa, gaban tsofaffi.

Fara da wannan: Malam ɗan fari ne? In haka ne, akwai yiwuwar ba a gidan da kuke nufi aka haife shi ba. A al'adarmu mace mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, a can take haihuwa, a can take wankan jego, sai an yi arba'in ko fiye ta dawo ɗakinta. Gidan da duk unguwa ke kira gidan su Malam gidan mahaifinsa ne, inda ya yi rarrafe ya yi wayo. Inda aka binne cibiyarsa kuwa mai yiwuwa wata unguwa ce, ko Mirriya, ko Magariya, ko wani ƙauye a hanyar Tanut. Maza ba kasafai suke riƙe wannan ba. 'Ya'yansa maza za su rantse maka a nan aka haife shi, ba don ƙarya ba, haka suka tashi suka ji. Ku nemi tsofaffin mata, musamman na dangin mahaifiyarsa: ƙannenta in akwai mai rai, 'ya'yan 'yan'uwanta, jikokin ungozomar unguwa. Su ne suka san ɗakin da aka yi naƙuda da wadda ta yanke cibiya. Ku aiki mata biyu daga cikin ƙungiyarku, domin akwai maganar da tsohuwa ba za ta yi gaban namiji ba. Ku ji kowace ita kaɗai, a ɗauki murya a salula da yardarta, kada ku tara su wuri guda, domin in babba ta yi magana sauran ba za su musa mata ba. Shaidu biyu ko uku da ba gida ɗaya suka tashi ba, in bakinsu ya zo ɗaya, kun samu abin dogaro.

In bincike ya nuna ba a nan aka haife shi ba, ba ku yi asara ba, kalmar da ke kan allon ce za ta sauya. Dubi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A Maratta aka haife shi a 1754, wajen Galmi, cikin ƙasarmu ta Nijar ta yau. A Degel ya girma ya karantar, a Sakkwato ya rasu a 1817. Kowane ɗaya daga cikin wuraren nan uku yana da haƙƙin alama, amma abin da za a rubuta a kowanne daban ne. "A nan aka haifi", "a nan ya girma", "a nan ya karantar", "a nan ya rasu": ku zaɓi wadda kuke da hujjarta. Sau da yawa ma "a nan ya karantar shekara 40" ya fi "a nan aka haife shi" nauyi, tunda haihuwa ba shi ya zaɓa ba, karantarwar kuwa aikinsa ce.

Sai shekara. Kada takardar haihuwa ta ruɗe ku. Mutanen zamanin nasara da farkon 'yancin kai da yawa ba a rubuta haihuwarsu ranar da ta faru ba. Sai an zo shiga lakwal ko neman aiki ake zuwa gaban hukuma da shaidu, a dubi tsawon yaro a ƙiyasta, a rubuta "wajen shekara kaza". Daga baya da aka matsa sai an cika rana da wata, aka riƙa sa 1 ga Janairu, shi ya sa za ka ga rabin tsofaffin ma'aikata rana ɗaya aka haife su a takarda. Wani ma an rage masa shekaru da gangan don ya samu shiga aji. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a jingina haihuwar da wani abu da kowa ya san lokacinsa. Damagaram tana da irin waɗannan turakun da yawa. Faransawa sun shigo a ƙarshen Yulin 1899 bayan yaƙin Tirmini, a shekarar ne kuma aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. An tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa a 1906. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce. An ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Sarautar Barma Mustafa ta ƙare a 1950. In tsohuwa ta ce yana goye aka naɗa sarki wane, ko an yaye shi shekarar da gwamna ya tashi zuwa Yamai, ka samu shekara da ba za ta kauce da fiye da ɗaya ko biyu ba. Ku duba bangon Alƙur'anin gidan da tsofaffin littattafan mahaifinsa, domin malamai da yawa sukan rubuta haihuwar 'ya'yansu a gefen takarda da ajami ko Larabci, da wata da shekarar Hijira. In kun dace da wannan, ya fi takardar biro daraja. In ba ku samu ba, ku rubuta ƙiyasi, misali "wajen 1925", a kan allon, ba abin kunya ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai abin da ke ci mini rai, kuma shi ya sa na ɗauki tambayarka da muhimmanci. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya iso Damagaram ranar 25 ga Disamba 1852, ya tashi ranar 30 ga Janairu 1853. Mako biyar ke nan. Har yau in baƙo ya shigo Birni akan kai shi inda ya sauka, a Agadas ma gidan da ya zauna a 1850 sananne ne, da alamarsa. Ban ga laifin haka ba, mutumin ya rubuta mana abubuwa masu amfani. Amma dalilin da ya sa aka san masaukinsa shi ne ya rubuta rana da wuri. Maginan da suka ɗaga ganuwar Birni a zamanin Sarki Tanimun fa? Maƙeran da suka zuba masa igwa a cikin garin nan, a ina maƙerarsu take? Dukawan da suka sa aka san aikin fatar Damagaram har ƙasashen waje, malamai matan da suka karantar da rabin unguwa a tsakar gida, wa zai nuna maka ƙofarsu? Mun iya raɗa suna: ga barikin Tanimun, ga Lise Amadu Kuran Daga, ga jami'armu da aka kafa a 2010 tana ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihin da aka haifa a nan a 1942, ya jagoranci Taron Ƙasa na 1991, ya rasu a 2022. Duk wannan girmamawa ce mai kyau, amma raɗa suna daban, nuna wuri daban. Ana iya sa sunan mutum a titin da bai taɓa takawa ba. Allon da kuke son yi cewa yake nan ne, a wannan ƙasar da kake tsaye a kai, don haka babu halin a matsar da shi bakin babban titi wai don a fi ganinsa. Za a ba ku wannan shawarar, kada ku karɓa. In lungu ne, a sa ƙaramar alama a bakin hanya mai nuna inda za a bi.

Game da makarantar, wurinta ya fi sauƙin tabbatarwa, ranarta ce ke da rikici. Makaranta takan sami mafari uku: ranar da malam ya zauna da yara na farko a zaure ko a rumfar zana, ranar da hukuma ta sa hannu a takardar izini, da ranar da aka buɗe ginin da kowa ya sani yanzu. Tsakanin na farko da na ƙarshe ana iya samun shekara goma, kuma wuraren ma daban ne. Maƙwabtanmu suna da misali mai kyau. Kwalejin Barewa a Zariya take, amma a Katsina aka buɗe ta a 1922, aka kai ta Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949. Tsohon ginin ƙasa na Katsina, inda su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa suka yi karatu, shi aka adana a matsayin kayan tarihin ƙasa, domin can abin ya soma. Ku ma ku bi zauren farko, ko da yanzu shagon mai cajin waya ne. Ku nemi rajistar ɗalibai ta farko wurin direktan makarantar ko biron ilimi, ku nemi 'yan ajin farko da suka rage, kowane ya kai ku wurin da ƙafarsa ba tare da an nuna masa ba. A kan allon ku faɗi wace rana kuke nufi: "A wannan zaure aka soma karatu a shekara kaza, an koma ginin yanzu a shekara kaza."

Tsoron 'yan'uwanka game da addini ba abin rainawa ba ne, kuma ni ba mai ba da fatawa ba ne, ku kai wa malaman unguwarku kafin ku yi komai. Abin da ake gudu sananne ne: kada wuri ya zama na neman tabarraki, ana shafa ana ɗiban ƙasa. Malamai kan kawo labarin Sayyidina Umar da ya sa aka sare itaciyar da mutane suka riƙa zuwa salla gindinta suna cewa ita ce ta mubaya'a. Don haka ku tsare iyaka tun daga zane. Rubutu kawai, ba hoto, ba mutum-mutumi, ba ƙubba ko shinge mai kama da hubbare, ba a kan kabari ba. Kada ku rubuta aya ko sunan Allah a kai, saboda bango ne na waje, awaki na goga jiki, yara na bawali a gindi. In kun je wa malamai da zane irin wannan, kuka bayyana cewa manufar sanarwa ce ga na baya, a ganina za ku sami fahimta, kuma gara a ji ƙorafinsu yanzu da a ji shi a huɗubar Juma'a bayan an kafa.

Mutanen gidan su ne na gaba, kuma nan ne na ga irin wannan aiki ya fi lalacewa. Gidan Birni yawanci gidan gado ne, magada goma ko ashirin, wasu a Yamai, wasu a Kano, wasu a Libiya. Yardar babban ɗa kaɗai ba ta isa ba. Wani zai ji tsoron in aka sa allo gwamnati za ta ƙwace gidan ko ta hana sayarwa, wata za ta ji tsoron baƙi su riƙa kutsawa tsakar gida da kyamara. Ku amsa musu a fili. Allon ƙungiya ba ya sauya mallakar gida, saka gini cikin jerin kayan tarihin ƙasa hanya ce daban wadda doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta tsara, kuma hukuma ce ke yin ta. Allon a waje zai tsaya, gefen ƙofar zaure, bai ba kowa izinin shiga ba. Ku rubuta yarjejeniya gajeriya, magada su sa hannu, mai unguwa ya shaida, a ciki har da abin da za a yi in an sayar da gidan ko an rushe shi. Daga mai unguwa sai fada, domin a Birni ba a yin abu irin wannan a bayan idon Mai Martaba. Daga nan ma'aikatar magajin gari, tunda bakin hanya nata ne, sai ofishin al'adu na jiha. Ka tuna tun 2006 unguwar Birni da fadar sarki suna cikin jerin wuraren tarihi da Nijar ta gabatar wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don haka duk abin da zai taɓa fuskar tsohon gini suna da ta cewa.

Mutanen Landan sun daɗe a wannan harka, akwai abin ɗauka wurinsu. Sun tsara ta a 1866, suka kafa allo na farko a 1867 a gidan da aka haifi wani mawaƙinsu, gidan kuma aka rushe shi a 1889, allon ya tafi tare da shi. Yanzu shuɗɗan allunansu sun haura 1,000, kuma cikin ƙa'idojinsu akwai biyu: sai mutum ya shekara 20 da rasuwa, kuma sai ginin da ya zauna yana tsaye. Ta farko ina goyon bayanta ƙwarai, ko da mu za mu rage ta zuwa goma. Allon mai rai ko na wanda bai daɗe da rasuwa ba yakan zama na siyasa ko na mai kuɗi, ranar da iska ta juya kuma a fasa shi. Ta biyu ba ta dace da mu ba. Gidajenmu na tubali ne da yaɓe, suna faɗuwa ana tayarwa a kan tushe ɗaya. Kowa ya ga yadda tsohon masallacin Birni, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a ruwan farkon Satumba 2024. In muka ce sai gini na asali, ba za mu yi wa kowa alama ba. Abin da ya kamata shi ne a bambance a rubutu: "a wannan gida" in ginin na nan, "a wannan wuri" in an sake shi.

Wannan ne ma ya sa ba na son a manna allo a jikin katangar ƙasa. Mai aiki zai haƙa rami, ya cika da siminti, ya ɗaure ƙarfe. Siminti da ƙasa ba sa shan zafi da sanyi tare, tsaga takan buɗe a tsakaninsu, ruwan damina ya shige baya ya rasa hanyar fita, wata rana allon ya faɗo da guntun bango. Ku gina ɗan ginshiƙi mai cin gashin kansa, taki ɗaya daga katanga, nesa da bakin indararo, rubutun daidai idon mutum a tsaye. In hanya ta yi ƙunci, ku kira sarkin magina ya duba yadda za a yi gurbi da ƙasa da makuba irin na bangon. Fenti a kan kwano kada ku ɓata kuɗinku, rana da ƙurar hunturu za su cinye shi cikin 'yan shekaru. Tagulla tana da kyau, amma tana da kasuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe, alminiyam kuma tukunya ake zubawa da shi. Dutse ya fi, ga shi Allah ya hore mana har cikin gari. A sassaƙa haruffa da zurfi yadda ko babu fenti za a karanta. In kuɗin bai kai ba, a zuba falalen kankare a danna haruffan tun yana ɗanye. Ba shi da ƙawa sosai, amma ɓarawo ba ya kallonsa.

Rubutun kada ya wuce kalma 40: cikakken suna da laƙabin da gari ya san shi da shi, shekarar haihuwa da ta rasuwa, abin da ya yi a jimla ɗaya, alaƙarsa da wurin, sai a ƙasa da ƙananan haruffa sunan ƙungiyar da shekarar kafawa. Ban da kirari, ban da jerin sunayen waɗanda suka ba da kuɗi. "Ya buɗe makarantar 'yan mata ta farko a unguwar" magana ce da za a iya bincika, "gwarzon da ba a taɓa yin irinsa ba" kuwa ta maroƙa ce, tana da wurinta ranar biki. Kalmar "ta farko" ma ku tabbatar da ita kafin ku sassaƙa. Hausa a sama, da boko da ajami, domin dattawan da suka san Malam da yawa ajami suke karantawa, Faransanci a ƙasa. Ku tsaya kan mai sassaƙa a kan ƙ da ɗ da ɓ, ku buga rubutun a takarda daidai girman allon, ku liƙa a wurin mako guda, mutanen unguwa su karanta su yi gyara.

Duk abin da kuka tara, muryoyin tsofaffi da hoton takardu da yarjejeniyar magada, ku yi kwafi uku: ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya gidan adana kayan tarihi na jiha, ɗaya jami'a. Ku ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin don gyara, ku ɗora wa mutum guda da sunansa nauyin duba allunan kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Shawarata ku fara da na makarantar, tunda 'yan ajin farko suna raye kuma rajista na nan. Na gidan ku dakata da shi har matan da kuka aika wurin dangin mahaifiyarsa su dawo, amma aiken kada ya wuce wannan watan, domin waɗanda za a tambaya sun manyanta.